Ranar da Na Yabi Ɗan Abokina a Filin Ƙanƙara

Shekarun baya da dama, tun Dubai ba ta samu jirgin ƙasan nan na cikin gari ba, na yi aiki a wani filin wasan ƙanƙara. Na san wasunku za su ce, ƙanƙara kuma a Dubai? Ni ma abin da na ce ke nan ranar da aka kai ni. A waje rana tana neman narkar da kwalta, a ciki kuwa sai da rigar sanyi da safa biyu. Aikina shi ne ba da hayar takalma, irin masu wuƙa a ƙasa, da wasa wuƙar idan ta dakushe, da goge ruwan da mutane ke fitowa da shi daga fili. Karatuna a firamare ya tsaya. Ɗan Turancin da nake ji a bakin kanta na tsince shi, wajen tambayar mutane lambar ƙafarsu.

Gara in faɗa muku tun yanzu, ni mutum ne mai yawan damuwa. Idan na kulle ɗaki sai na dawo na taɓa kwaɗon. Idan na yi wa mutum magana da safe, sai in wuni ina juya ta, ko na ɓata masa rai ban sani ba. Akwai wani ɗan Gana da muke ɗaki ɗaya a unguwar Al Qusais, yakan ce ko kyautar gida aka ba ni, ba zan yi murna ba, zama zan yi ina tunanin ko rufin zai yi yoyo.

Ina da aboki a lokacin, mutumin Maraɗi, mai shago a unguwar Al Ras, yana tura kaya gida a kwantena. Ya ɗan girme ni. Ya yi bokon Faransanci, Larabcin kasuwa kuma ya zauna masa a baki, amma Turanci bai wuce na ciniki ba. Da iyalinsa yake zaune, ɗansa na fari a Dubai ya taso. Idan an yi hutun makaranta, shagon ya cika da kwalaye babu wurin zaman yaro, sai ya turo mini shi. Ni na ɗaura masa takalmin farko da hannuna. Ya faɗi ya tashi, ya faɗi ya tashi, ni kuma ina gefe gabana yana faɗuwa tare da shi, ina tunanin abin da zan gaya wa ubansa idan ya zubar da haƙori. Bai zubar ba. Kafin a jima ya shiga cikin yaran Turawa masu koyon hoki, ya riƙa amfani da tsofaffin kayan da aka bari. Da ya kai shekara goma sha bakwai ya zama ɗan gaba, wato cikin masu kai hari raga.

Ga wanda bai taɓa gani ba, hoki kamar ƙwallon ƙafa ne, sai dai a kan ƙanƙara ake yi, da sanda, kuma abin da ake bugawa wata baƙar roba ce mai tauri, girman gwangwanin man goge takalmi. A filinmu akwai gasar manya, yawancinsu ma'aikata ne 'yan Kanada da Rasha da Finlan, da 'yan Larabawa kaɗan. Ƙungiya huɗu ce. Kowace shekara sai su wargaza su sake zaɓe, kamar dai yadda muke yi a unguwa muna yara: kyaftin ya tsaya, wannan ya kira mutum ɗaya, wancan ya kira ɗaya, ana zagayawa har wuri ya cika. Ƙungiyar da ta zo ƙarshe bara ita ke fara zaɓa. Masu son shiga sun fi guraben yawa, don haka duk shekara sai wasu sun koma gida da jakarsu.

Wata rana daga wurin aiki na tsallaka ruwan da ya raba garin biyu, na je shagon abokina. Yana lissafin kwalaye, bai ko ɗago ba ya ce, "Malam, ɗan nan naka ya gama makaranta bana."

Haka yake kiransa, ɗan nan naka. Ɗan fari ne, ban taɓa jin sunansa a bakinsa ba.

Na ce, "Haka ne, Alhaji."

Ya ce, "Ina buƙatar mutum a sito. Bon, to, ya sa uwarsa ta gaya mini akwai wani zaɓe da ake yi a wurinku. In sun ɗauke shi, ya buga musu, ba zan hana ba. In ba su ɗauke shi ba, khalas. Ya kawo mini takalman in sa a kwantena, a kai wa mata su yanka kuɓewa."

Na yi dariya don ya yi dariya, amma na san ba wasa yake ba. Abokina in ya ce khalas, to an gama.

Kafin zaɓe akan yi ranar gwaji, sababbi su buga, kyaftin-kyaftin su tsaya a gefe suna kallo. Yaron ya yi abin da ya iya a ranar. Ni dai na ga yana wuce mutane kamar an dasa su. Da aka tashi sai ga abokina ya zo ɗaukarsa, karo na farko da ya taɓa shigowa ciki, ya naɗe hannu a cikin riga saboda sanyi. Yaron ya shiga canza kaya. Kyaftin ɗin nan duka huɗu suna tsaye a bakin kantata, da suka ji uban yaron ne sai suka zagaye shi, ana ta miƙa masa hannu. Ɗaya ya ce in tambaye shi yaya yaron yake a gida, yana da himma? Zai riƙa zuwa kowane wasa? Domin su a wurinsu, wanda ba ya fashi ya fi gwanin da yau yana nan gobe ba ya nan.

Na mayar wa abokina da tambayar da Hausa. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Ka gaya musu rago ne. Ci da barci, shi ke nan aikinsa. Ba abin da ya taɓa farawa ya gama. Wannan ma sati biyu zai yi ya gaji."

Duk Bahaushe ya san ma'anar wannan. Uba ba ya tsayawa gaban baƙi ya yabi ɗansa, balle ɗan fari. Akwai kunya, akwai kuma tsoron baki. Da a gida ne, masu sauraro za su ce, haba Alhaji, yaron kirki, a yi dariya a wuce. To amma nan ba gida ba ne, kuma ni aka ɗora wa tafinta. Na tsaya ina tunanin amanar magana. An ba ni ita in kai, ba a ce in rage ba. Na faɗa musu yadda ya faɗa. Na buɗe baki zan ƙara bayani, sai abokina ya taɓa hannuna.

Ya ce, "Me kake ƙarawa? Na ji maganar ta yi tsawo. Abin da na ce kawai."

Na bar bayanin. Na ga fuskokinsu sun canza. Wani ɗan Rasha a cikinsu ya ɗaga kafaɗa ya tafi. Wani ya ce wa na kusa da shi, in uban da ya haife shi ya faɗi haka, ai magana ta ƙare.

Washegari ina ɗakin wasa wuƙa, sai ga ɗaya daga cikinsu ya kawo takalmansa. Ɗan Kanada ne mai jan gemu, mutum mai fara'a, shi kaɗai ne yake tambayata lafiyar iyalina a gida. Na kashe injin, na tattara duk Turancin da nake da shi na yi masa bayani. Na ce a wurinmu haka iyaye suke yi, in uba ya ce ɗansa rago ne, ba haka yake nufi ba. Na daɗe ina kame-kame kafin ya gane.

Da ya gane sai ya zauna a kan benci ya yi ta dariya. Ya ce shi dama bai yarda ba, domin ya daɗe yana lura da yaron. Sai ya shiga zayyana mini shi kamar mai sayen rago a kara. Ya ce ƙafa akwai, babu mai saurin tashinsa a filin nan. Hannu ma akwai, robar tana manne wa sandarsa. Amma bugunsa ba ƙarfi, jikinsa bai cika ba tukuna. Ba ya son ba abokan wasa, komai shi kaɗai yake so ya yi. In an ƙwace robar ba ya dawowa baya ya taimaka. Babban aibinsa kuma, in yana gudu da robar kansa a ƙasa yake, ba ya ganin mai zuwa. Ya ce duk wannan gyaruwa suke, nan da 'yan shekaru ba za a sami kamarsa a gasar ba.

Na ji daɗi har na manta da sanyi. Na ce to zai ɗauke shi ke nan?

Ya ce zai ɗauka, amma ba da wuri ba. Ya ce kafin jiya, dole ya kashe zaɓensa na biyu ko na uku a kan yaron, kada wani ya riga shi. Yanzu kuwa uban ya yi masa aiki kyauta, sauran ukun sun cire shi daga ransu. Don haka zai fara da gola, ya bi da 'yan baya masu ƙarfi, ya cika ƙungiyarsa tsaf, sannan a zagayen ƙarshe ya ɗauki yaron kamar wanda ya tsinta a hanya. Ya ɗora yatsa a leɓe ya ce, "Habibi, kada kowa ya ji. Ko yaron. In ya sani, fuskarsa za ta nuna."

Na gyaɗa kai.

Wannan gyaɗa kan, jama'a, shi ya hana ni sakat har ranar zaɓe. Alkawari ne ko ba alkawari ba ne? Ban ce na yi alkawari da bakina ba. Amma mutum ya roƙe ni, na gyaɗa masa kai, ya tafi da sakankancewa. Kuma shirun nawa, ba taimaka wa yaudara ba ne? Sauran ukun suna kan kuskure, ni na kai musu kuskuren da bakina, ni kuma na san gaskiya. Na tambayi ɗan Ganan nan a kaikaice, ya ce, "Massa, ɗan'uwa, kai dai ka ci abinci. Turawa suna wasansu, kai kana rama."

Yaron ma ya same ni a kanta, ya jingina, yana wasa da igiyar takalmi.

Ya ce, "Kawu, me suka ce a kaina?"

Na ce, "Ka yi ta addu'a."

Ya ce, "Abin ya kai haka?"

Na ce, "A'a, ba haka nake nufi ba. Addu'a ai kullum ana yi."

Ya dube ni ya ce, "Kawu, kai in ka ce a yi addu'a, tsoro kake ba mutum." Ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka yi zaɓen, a ɗakin shan shayi da ke saman filin. Kyaftin huɗu a teburin gaba, masu neman shiga a kan kujeru, ni kuma aka ce in riƙa kwashe kofuna. Yaron ya zauna a layin tsakiya, jakarsa tsakanin ƙafafunsa. Ana shirin farawa sai na hangi abokina ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa. Ban san zai zo ba. Bai zauna ba, bai gaisa da kowa ba.

Aka fara kira. Gololi suka tafi, manyan 'yan baya suka tafi, tsofaffin hannu suka tafi. Duk wanda aka kira sai a tafa masa ya tashi ya koma bayan kyaftin ɗinsa. Wannan ban damu ba, na san da shi. Amma aka ci gaba da zagayawa. Aka kira wani mai tumbi wanda ni nake taimaka masa ɗaure takalmi don ba ya iya sunkuyawa. Aka kira wani da in ya zagaya fili sau ɗaya sai ya riƙe katanga yana haki. Kujeru suna ta raguwa, yaron yana zaune. Da farko yana tafa wa mutane, daga baya ya daina. Ya zura wa jakarsa ido.

Na dubi mai jan gemu. Ya juya wa jama'a baya, yana ta raha da na kusa da shi, hankalinsa kwance, dabararsa tana tafiya daidai. Na dubi ƙofa. Abokina ba ya jin abin da ake faɗa, amma yana da ido. Ya ga irin waɗanda ake ɗauka, ya ga wanda aka bari. Na ga ya taɓe baki, ya fara takowa tsakanin kujeru. Ya iso kan yaron, ya sunkuya ya ɗauki jakar. Yaron ya miƙe.

Na san in suka fita ƙofar nan an gama. Ko an kira sunansa bayan minti ɗaya, abokina ba zai dawo ba, kuma ba zai yarda a ce masa an ɗauki ɗansa a ragowa ba. Ni da ko a masallaci ba na iya ɗaga murya in ce a gyara sahu, sai na ajiye farantin kofuna. Na ji wata murya ta ce a dakata, ashe tawa ce.

Ban san da wane Turanci na yi ba. Na ce yaron nan ba rago ba ne. Na ce tun yana ƙarami nake ɗaura masa takalmi, ban taɓa ganin ranar da aka ce ya zo ya ƙi zuwa ba, da zazzaɓi ma ya zo. Na ce duk ɗakin nan babu mai gudunsa, kuma kun sani, kun gani ranar gwaji. Na ce abin da ubansa ya faɗa, ni na kawo muku shi, amma a ƙasarmu uban da ke son ɗansa haka yake magana. Na ce nan gaba sai kun biya kuɗi kafin ku kalli yaron nan. Wannan ta ƙarshe ban san inda na samo ta ba.

Sai wani ya fashe da dariya, sauran suka bi. Wanda layin zaɓe ya zo kansa wani dattijo ne ɗan Finlan, mai ƙungiyar da ta zo ƙarshe bara, mutumin da sai ya wuni bai yi magana goma ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce shekara nawa yana zuwa wurin nan, bai san mai takalma yana da murya ba. Ya ce, "Na ɗauki yaron. In ƙarya kake, kai za ka sa takalmi ka buga mini."

Aka tafa. Mai jan gemu ya daki tebur da tafin hannu, ya juyo ya yi mini wani kallo da har yau ina tuna shi. Abokina kuwa ya tsaya da jaka a hannu, yana duban wannan yana duban wancan. Da ya ga ana jan yaron ana dafa kafaɗarsa, sai ya ajiye jakar a inda ya ɗauke ta, ya fita. Bai dube ni ba.

Kuna tsammanin na yi murna. A cikin bas ina komawa Al Qusais wani tunani ya faɗo mini. Na tsaya gaban mutane fiye da yadda zan iya ƙirgawa, cikinsu har da waɗanda ba a ɗauka ba masu jin haushi, na yabi ɗan mutum tun daga sama har ƙasa. Na ce tubarkalla? Na ce masha Allah? Na mayar da maganar a kaina tun daga farko, na sake mayarwa. Wani lokaci in ji kamar na faɗa, wani lokaci in tabbata ban faɗa ba. Da Turanci nake magana, ina tubarkalla za ta shiga?

Mai jan gemu ya daina kawo mini takalmansa da kansa, sai ya ba wani ya kawo. Ya kuma daina tambayar iyalina. Ban ga laifinsa ba. Abokina ma bai neme ni ba, ni kuma na kasa zuwa shagon. Yaron kaɗai ke murna. Ya ci ƙwallo a wasansa na farko, ya zo kanta yana haki ya ce, "Kawu, ka gani?" Na ce na gani, na bi shi da tubarkalla har sai da ya ce ya isa haka.

Ba a yi nisa da fara gasar ba abin ya faru. Wata Juma'a da hantsi, ya ɗauko robar yana gudu ta gefen katanga, kansa a ƙasa. Wani ƙaton ɗan baya ya taho, shi ma bai iya tsayawa ba. Ƙarar haɗuwarsu har kantata. Da na iso yana kwance ya riƙe hannu, tsintsiyar hannun ta karkace yadda bai kamata ba. Ni na cire masa takalman. Ni na bi motar zuwa asibiti. Duk hanya abu ɗaya nake faɗa a raina: bakina ne.

Ina zaune a barandar asibiti abokina ya iso. Ya shiga ya ga yaron, an sa masa filasta, ya ɗan jima ya fito. Na ɗauka zai wuce ni. Sai ya zauna a kujerar da ke kusa da tawa, ya bar ɗaya a tsakani. Ma'aikata suna ta wucewa ta gabanmu.

Can ya ce, "Uwarsa ta ce baki ne."

Na ce, "Alhaji, ni ma abin da nake ta tunani ke nan."

"Ka ce tubarkalla ranar?"

"Wallahi ban sani ba."

"Ba ka sani ba." Ya girgiza kai. "Kai da kake komawa ka duba kwaɗo."

Na shirya jin khalas, na ma fara tunanin yadda zan kalli yaron in ya ji. Sai abokina ya gyara hula, yana duban ƙasa ya ce, "Wai me ka ce musu ne ranar nan? Na ga kana ta ɗaga hannu kamar mai wa'azi. Ba wanda zan tambaya. Shi dai ka san ba zan tambaye shi ba."

Na ce, "Alhaji, so kake in maimaita? A nan? Bayan abin da ya faru?"

Ya ce, "Yalla, maza faɗi. Hannun ai ya riga ya karye."

Sai na faɗa masa da Hausa, a hankali, kowace magana na bi ta da tubarkalla. Cewa bai taɓa fashi ba. Cewa da zazzaɓi ma ya zo. Cewa babu mai gudunsa. Abokina bai ɗago ba, yana ta murza carbi ba tare da ya ja ba. Da na gama sai na ga in na tsaya nan rabin shaida na bayar, don haka na ƙara da abin da mai jan gemu ya faɗa, har da aibobin. Na ce masana sun ce bugunsa ba ƙarfi. Na ce ba ya son ba abokan wasa.

Ya ce, "Wannan halin dangin uwarsa ne."

Na ce kuma in yana gudu kansa a ƙasa yake, ba ya ganin mai zuwa.

Ya ɗago ya dube ni. "Shi ya sa aka buge shi?"

Na ce, "Haka waɗanda suka gani suka ce. Amma Alhaji, bakin ma..."

Ya ce, "Bar bakin nan haka, ka gajiyar da ni." Sannan ya ce, "Da zazzaɓi ka ce?"

Na ce, "Da zazzaɓi. Na kore shi ya ƙi tafiya."

Sai ya miƙe, ya kaɗe rigarsa ya ce, "In hannun ya warke, ya ƙarasa musu. Siton ba gudu zai yi ba. Kuma ka gaya masa ya riƙa ɗaga kai."

Na ce, "Alhaji, ga shi can a ɗaki. Ka shiga ka gaya masa mana."

Ya ce, "Kai za ka gaya masa." Ya tafi neman mota.

Haka na tashi da gwiwoyina masu ciwo na shiga ɗakin, na sake zama tafinta, wannan karon tsakanin mutum biyu masu yare ɗaya. Da na isar da saƙon yaron ya ce, "Shi ya faɗa? Da bakinsa?" Na ce da bakinsa. Ya juya fuska wajen bango, ni kuma na shiga gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Hannun ya warke. Ya ƙarasa gasar, ya ƙara wasu shekaru yana bugawa, ƙungiyar dattijon nan ta daina zuwa ƙarshe. Bai je Turai ba, ba wanda ya taɓa biyan kuɗi don ya kalle shi. Daga baya da kansa ya shiga harkar kargo, yanzu shi ke riƙe da shagon. Mai jan gemu ya huce bayan wani lokaci, ya dawo yana kawo takalmansa, amma bai sake gaya mini wata dabara tasa ba.

Ni kuwa na dawo gida tuntuni, da ciwon gwiwar da sanyin wurin nan ya bar mini. In na tuna abin, ba daɗi nake fara ji ba, gajiya nake ji. Kowa a labarin nan yana son yaron, amma kowa yana da dalilin yin shiru, uban saboda kunya, Baturen saboda dabara, ni saboda tsoro. Yaron yana zaune a kujera yana ganin ba mai son sa. Har yau ban san ko na saɓa alkawari ba, ban kuma san ko na ce tubarkalla ba. Na gaji da tambayar kaina, amma ban daina ba.

Nawa ɗan farin yana koyon gyaran mota yanzu. Kwanakin baya na haɗu da ubangidansa a bakin gareji, ya tsayar da ni ya ce yaron yana da hannu, in ya saurari inji sau ɗaya ya san ciwonsa. Na dubi ƙasa, na ce masa ya yi haƙuri, kunnena ya yi nauyi, ya maimaita. Kunnena lafiyarsa ƙalau. Na yi ta istigfari a hanya, amma dai na ji sau biyu.